Tambaya: ta yaya ake auna alƙiblar kaɗawar hasken eksire da ya taso daga taurari masu nisa?

Malama Hadiza

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare, kuma a wannan zangon karatu mun iso babin haske. Duk shekara idan na zo wurin bayanin cewa haske yana tafiya ne yana kaɗawa, kuma kaɗawar tasa tana da alƙibla, sai in ɗaure igiya a ƙarfen taga in girgiza ta sama da ƙasa, sannan in girgiza ta dama da hagu, domin yara su ga cewa motsi yana iya tafiya gaba alhali igiyar tana kaɗawa ta fuskoki dabam-dabam. Bayan haka sai in fito da tabarau irin mai kashe ƙyallin rana, in riƙe shi a gaban fuskar kwamfutata, in riƙa juya shi a hankali har fuskar ta yi baƙi ƙirin, in ci gaba da juyawa ta sake haskakawa. Wannan gwaji bai taɓa ba ni kunya ba, domin nan take ɗalibi yake gani da idonsa cewa hasken kwamfutar duk ta fuska ɗaya yake kaɗawa, kuma gilashin tabarau ƙofa ce da ba ta barin kowace kaɗawa ta wuce sai wadda ta zo daidai da ita.

Makon jiya wata ɗaliba ta ce ta ji labarin wani tauraron ɗan'adam mai suna IXPE, wanda aikinsa shi ne auna irin wannan alƙibla a hasken eksire da ke tasowa daga baƙin rami, wato wurin da jansa yake da ƙarfin da ko haske ba ya kuɓuta daga cikinsa, da ragowar taurarin da suka fashe. Sai ta tambaye ni wane irin tabarau aka sanya masa, tunda eksiren da ake ɗaukar hoton ƙirji da shi a asibiti yana ratsa fata da tsoka ya wuce. Na yi mata alkawarin amsa, kuma ba na so in kai mata amsar da ni kaina ban gamsu da ita ba. Ina roƙon masu sani a cikinmu su bayyana mini yadda ake wannan awo, da kuma abin da ake ƙaruwa da shi wanda hoto kaɗai ba zai bayar ba.

Malam Bello

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya yi wa wannan ɗaliba albarka, domin ta taɓo daidai inda gizo yake saƙar. Babu tabarau a cikin IXPE. Gilashin da kike juyawa yana aiki ne saboda an jera dogayen ƙwayoyin sinadari a cikinsa sahu-sahu, suna shanye kaɗawar da ta zo daidai da tsawonsu, suna barin wadda ta gitta su. Tsawon kaɗawa ɗaya ta hasken da ido yake gani nanomita 400 ne zuwa 700 (nanomita miliyan ɗaya ne suke yin milimita guda), amma ta eksiren da IXPE yake kallo ba ta wuce nanomita 0.15 zuwa 0.6 ba, wato kusan girman ƙwayar zarra guda, saboda haka wancan jeri ba ya tace ta. Akwai kuma gyara ɗaya da ya kamata ki kai wa ɗalibar. Eksiren asibiti yana da ƙarfin gomman keV, wato ma'aunin ƙarfin ƙwayar haske, shi ya sa yake ratsa jiki, amma wanda IXPE yake aunawa tsakanin keV 2 ne da 8, kuma iskar da ke cikin ɗakin ajinki ma ta isa ta shanye shi. Wannan ne dalilin da ya sa dole a fita da na'urar sama da iskar duniya.

Hukumar NASA ta Amurka da hukumar sararin samaniya ta Italiya ne suka haɗa hannu a kan aikin, aka harba shi daga Fulorida ranar 9 ga Disamba 2021. Yana ɗauke da madubin hangen nesa guda uku iri ɗaya. Eksire ba ya dawowa daga madubi idan ya faɗa masa gaba da gaba, sai an sa ya shafi jikinsa a kwance, kamar yadda yaro yake jifan kogi da faffaɗan dutse ya riƙa tsalle a kan ruwa. Don haka madubansa siffar bututu gare su, guda 24 a kowane rukuni, an zura ƙarami cikin babba, suna tattara hasken zuwa wani ɗan akwati da ke nisan mita 4.

A cikin wannan akwati ne aikin yake. Zurfinsa santimita 1 ne kacal, an cika shi da wani gas mai suna dimetil ita, an rufe bakinsa da siririn fallen beriliyam. Idan ƙwayar haske ɗaya ta shigo, wata ƙwayar zarra ta gas ɗin takan shanye ta gaba ɗaya, ta tofo elektiron guda. Sirrin duka shi ne wannan elektiron ya fi yawan fita ta alƙiblar da hasken yake kaɗawa, domin kaɗawar ce ta fizge shi. Yana fita sai ya riƙa karo da sauran ƙwayoyin gas yana barin sawu a bayansa, sawun da sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. Ƙarfin lantarki yana jan wannan sawu zuwa ƙasan akwatin, wani falle mai ɗimbin ƙananan huji yana ninka shi, sannan ya sauka a kan allo mai ƙananan gidaje 105,600 irin na saƙar zuma, tazarar kowane da ɗan'uwansa maikiron 50, wato kashi ɗaya cikin ashirin na milimita. Hoton da ake samu yana kama da tsinken ashana da ya ɗan lanƙwashe: siriri a farko, da dunƙulallen kai a ƙarshe, saboda elektiron yana zubar da mafi yawan ƙarfinsa ne a inda zai tsaya. Kwamfuta takan gane kan ashanar ta ajiye shi gefe, ta koma siririn ɓangaren, domin nan ne mafarin tafiya, kafin karo ya karkatar da elektiron daga hanyarsa ta asali. Mafarin yana nuna wurin da hasken ya faɗo, sai a samu hoto, kuma fuskar da sawun ya fara bi tana nuna alƙibla.

Sai dai ki lura, Malama, da na ce ya fi yawan fita, ban ce kullum ba. Elektiron ɗaya ba ya kafa hujja. Sai an tara sawu dubbai an jera su gwargwadon kusurwar kowanne. Idan hasken ba shi da alƙiblar da ya fi karkata gare ta, ƙidayar za ta zo daidai wa daida ta kowace fuska. Idan yana da ita, sai a ga tudu biyu masu kallon juna, wurin da tudun suke shi ne alƙibla, tsayinsu kuma shi ne yawan hasken da ya haɗu a kan kaɗawa ɗaya, wanda ake faɗa da kashi cikin 100. Ko da hasken duk ya haɗu a kan fuska ɗaya, na'urar ba ta nuna tudun a cike, saboda gajerun sawu suna da wuyar karantawa. A wajen keV 3 kusan kashi 30 cikin 100 na alamar take iya fitarwa, a wajen keV 8 kuma ta kai wajen rabi.

Injiniya Usman

Malam Bello ya gama da na'ura, ni kuma ina so in ƙara tarihin, domin yana nuna wahalar abin. Tun a 1905 Charles Barkla ya nuna a ɗakin gwaji a Ingila cewa eksire yana da alƙiblar kaɗawa, shekara goma bayan Röntgen ya gano shi. Amma ba a auna ta a sama ba sai a 1971, lokacin da masana daga Jami'ar Kolambiya, ƙarƙashin Robert Novick, tare da Martin Weisskopf yana matashi, suka harba roka ta yi 'yan mintuna sama da iska tana kallon Gajimaren Ƙaguwa, ragowar tauraron da masu duban sama na ƙasar Sin suka rubuta ganin fashewarsa a 1054. Daga baya tauraron ɗan'adam OSO-8, wanda aka harba a 1975, ya maimaita awon da kyau, ya samu kashi 19 cikin 100. Dabarar wancan zamani ita ce a sa haske ya faɗa wa lu'ulu'un girafait, wato irin baƙin da ke cikin fensir, a kusurwar digiri 45, inda kaɗawa ta fuska ɗaya kawai take dawowa, sai a riƙa juya na'urar ana duba yadda ƙidaya take hawa da sauka, kamar dai yadda Malama take juya tabarau. Aibinta shi ne ba ta karɓar haske sai mai ƙarfin keV 2.6 da ninkinsa, saura duk ya tafi a banza, kuma ba ta ɗaukar hoto.

Wannan kashi 19 ya tabbatar da cewa eksiren Ƙaguwa daga elektiron masu gudu kusa da gudun haske yake fitowa, suna murɗawa a kan layukan maganaɗisu. Daga nan kuma aka shiga dogon jira. An ƙera wata na'ura domin tauraron Tarayyar Sobiyet, tarayyar ta rushe, na'urar ba ta tashi ba. NASA ta zaɓi wani shiri mai suna GEMS a 2009, ta soke shi a 2012 saboda tsada. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne akwatin gas ɗin da Malam Bello ya siffanta, wanda Enrico Costa da Ronaldo Bellazzini da abokan aikinsu a Italiya suka bayyana a 2001. Weisskopf ɗin nan da ya yi aikin rokar 1971 shi ne ya jagoranci IXPE har aka harba shi bayan shekara hamsin cif, kuma ni wannan haƙurin yana taɓa mini zuciya duk lokacin da na tuna shi.

Nahiyarmu ma tana da hannu a ciki. IXPE yana zagaya duniya ne a kan layin ikwaita, a tsayin kusan kilomita 600, inda ya fi samun sauƙi daga ƙwayoyin lantarkin da ke damun na'urori a saman kudancin Atilantika, kuma babbar tashar da yake sauke bayanansa ita ce ta hukumar Italiya da ke Malindi a gaɓar tekun Kenya. Daga wannan gaɓa ce aka harba Uhuru a Disamba 1970, tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe domin eksiren sama. Yanzu kuma Indiya ta shigo, ta harba XPoSat ranar 1 ga Janairu 2024, mai auna eksire mafi ƙarfi, daga keV 8 zuwa 30.

Sakamakon da suka fi burge ni guda biyu ne: rahoton cewa baƙin ramin da ke tsakiyar galaksinmu, wato babban tarin taurarin da ranarmu take ciki, ya taɓa farkawa shekara 200 da suka wuce, da kuma awon da aka yi wa magneta, wani irin tauraro mai tsananin maganaɗisu, wanda na ji ana danganta shi da wani tsohon hasashe na kimiyyar kwantam. Shi kuwa baƙin ramin Cygnus X-1 kashi 4 cikin 100 aka samu.

Malama Hadiza

Allah ya saka da alheri, Malam Bello da Injiniya. Misalin tsinken ashana ya zauna mini sosai. Amma adadin ƙarshe da Injiniya ya kawo ya tayar mini da wata damuwa. Idan kashi 4 ne kawai, ma'anarsa kashi 96 na hasken a hargitse yake, kuma Malam Bello ya ce na'urar ma kusan sulusin alamar take fitarwa. Ashe tudun da ake magana bai wuce kashi ɗaya da ɗoriya na ƙidayar ba. Ni da nake ganin yadda ma'aunin ɗakin gwajinmu yake ba da amsa uku idan an auna abu ɗaya sau uku, yaya zan amince cewa wannan ɗan tudu daga sama ya zo, ba daga wata karkata a jikin akwatin ba? Kuma ko da gaskiya ne, me kashi 4 zai faɗa wa mutum game da baƙin rami?

Dakta Nafisa

Malama, ranki ya daɗe, wannan shakka taki ita ce ta cinye mafi yawan shekarun da aka yi ana shirya na'urar, saboda haka kada ki ɗauke ta ƙaramar tambaya.

Akwai hanya biyu da tudun ƙarya yake iya fitowa. Ta farko ita ce ƙarancin ƙidaya. Ma'aunin haɗuwar kaɗawa ba ya sauka ƙasa da sifiri, don haka ko hasken da ba shi da wata alƙibla aka auna, dacen da ke cikin ƙidaya zai ba da wani ɗan adadi sama da sifiri, kuma mai gaggawa zai iya shelar cewa ya gano wani abu. Domin kauce wa wannan, masu aikin suna lissafa mafi ƙarancin adadin da za a iya amincewa da shi, wato 4.29/(μ√N), inda N yake nufin yawan ƙwayoyin haske, μ kuma rabon alamar da na'ura take fitarwa. Ki sanya μ a 0.3 ki gwada da kanki. Da ƙwayoyi 10,000, duk abin da bai kai kashi 14 ba abin zargi ne. Da ƙwayoyi miliyan ɗaya, iyakar ta sauko zuwa kashi 1.4. Ƙwayoyi goma sun isa a ce akwai tauraro a wuri kaza, 'yan ɗaruruwa sun isa a kimanta zafinsa, amma alƙibla tana neman dubban ɗaruruwa, kuma duk wanda yake son ya rage kuskurensa zuwa rabi sai ya ninka lokacin kallonsa sau huɗu. Shi ya sa IXPE yake kafe ido a kan abu ɗaya kwanaki, wani lokaci makonni. Cygnus X-1 yana cikin mafi haske a sararin eksire, an kalle shi kwanaki a watan Mayu 2022, aka samu kashi 4.0 da iyakar kuskure 0.2, wato adadin ya ninka kuskurensa sau ashirin.

Ta biyu ita ce wadda kika ambata, karkatar akwatin kansa, kuma tana nan da gaske. Tun a ƙasa an haska wa kowane akwati eksiren da aka san ba shi da alƙibla, aka ga yana ba da ɗan tudu nasa na kansa, aka auna shi gida-gida a kan allon domin a riƙa cire shi. An kuma tafi da ƙananan maɓuɓɓugan eksire a cikin tauraron domin a ci gaba da gwada na'urar a sama. Ana ɗan jujjuya tauraron yayin kallo domin hasken kada ya dawwama a gida ɗaya na allon. Dabarar da ta fi kwantar mini da hankali kuwa ita ce an ɗaura akwatunan uku ne kowanne a juye da digiri 120 daga ɗan'uwansa. Karkatar da ke jikin akwati tana juyawa tare da akwatin, saboda haka za ta nuna fuska uku dabam-dabam a sama, amma alƙiblar da ta zo daga tauraro za ta tsaya wuri ɗaya a dukkan ukun.

Game da abin da kashi 4 yake faɗa, sai mu fara da girman wurin. Nauyin Cygnus X-1 ya ninka na rana sau 21, yana nisan shekarar haske kusan 7,200, wato tafiyar da haske yake yi a wannan adadin shekaru, kuma eksirensa yana fitowa ne daga yankin da faɗinsa bai wuce kilomita dubu biyu ba. Ganin wannan yanki daga nan daidai yake da tsayawa a ƙasa a hango abin da ya fi gashin kai siranta a kan wata. Babu madubin eksire da zai ɗauki hotonsa, ɗigo ɗaya kawai ake gani. An daɗe da sanin cewa akwai faifan gas da ke zagaya ramin, wanda yake zuƙowa daga wani ƙaton tauraro da suke zagaya juna duk kwana 5.6, akwai kuma wani gas mafi zafi da ake kira korona, wanda hasken faifan yake karo da elektiron ɗinsa ya ƙara ƙarfi. Abin da aka yi shekaru ana jayayya a kai shi ne siffar wannan korona: dunƙule take a saman ramin kamar fitilar kan titi, ko shimfiɗe take tare da faifan?

Ƙa'idar da ta raba gardama ita ce, hasken da ya yi karo da elektiron ya canza hanya yana fitowa ne yana kaɗawa a gicciye da hanyar da ya fito. Idan korona shimfiɗe take, hasken da ya daɗe a cikinta yana karo a kwance yake tafiya, don haka idan ya juyo gare mu kaɗawarsa za ta tsaya a tsaye, daidai da sandar da faifan yake juyawa a kanta. Wannan sanda kuwa an san inda ta dosa, domin madubin rediyo ya daɗe yana ganin feshin da ramin yake harbawa ta nan. IXPE ya samu alƙiblar ta yi daidai da feshin, wanda ya nuna korona shimfiɗe take, siffar fitilar titi kuma ta yi rauni. Shi kansa adadin ya zo da mamaki, domin da yake muna kallon zagayen taurarin biyu kusan daga sama, da karkatar digiri 27 kawai, an yi tsammanin wajen kashi 1 ne. Samun kashi 4 yana nufin ko dai cikin faifan ya karkace daga sauran zagayen muna ganinsa ta gefe, ko kuma gas ɗin koronar yana gudu waje da sauri. Har yanzu ana tattauna wannan.

Ki kuma gwada shi da wasu wurare domin ki ga ƙaramin adadi ma labari ne. Hasken elektiron masu murɗawa a maganaɗisu ba ya wuce kashi 70 da ɗoriya ko da layukan sun miƙe sarai. A gajimaren da ke kewaye da tauraron Vela an samu wuraren da suka haura kashi 60, alamar layukan a tsare suke ƙwarai. A Cassiopeia A, ragowar wani tauraro da ya fashe kuma abin da IXPE ya fara kallo a Janairu 2022, kusan kashi 2 aka samu, alamar maganaɗisun wurin a yamutse yake.

Malam Bello

Dakta ta ba mu ma'aunin da za mu auna sauran labaran da shi, saboda haka ina so in koma kan abubuwa biyu da Injiniya ya ce sun burge shi. Ni ma sun burge ni, Injiniya, amma ba a kan mataki ɗaya suke da Cygnus X-1 ba.

Baƙin ramin tsakiyar galaksinmu, mai nauyin da ya ninka na rana sau miliyan 4, a nisan shekarar haske kusan 26,000, dishi-dishi yake a yau. Amma gajimaren gas masu sanyi da ke kusa da shi suna fitar da eksiren da bai kamata sanyinsu ya bayar ba, sai aka yi zargin amsa-kuwwa ce ta wani tsohon haske. Malama za ta iya nuna wa ɗalibanta ƙa'idar da tabaraunta. Ranar da sama ta wanke bayan ruwa, ba lokacin hazo ba, a tsaya da la'asar rana tana gefen kafaɗa, a kalli shuɗin sama ta cikin gilashin ana juya shi, za a ga yana duhu yana haske, domin hasken rana da iska ta karkato yana kaɗawa a gicciye da inda rana take. Ko wanda bai ga rana ba, zai iya nuna inda take da wannan kaɗai. Haka aka yi da waɗancan gajimare: alƙiblar da aka auna ta nuna mafarin hasken yana wajen baƙin ramin, yawan haɗuwar kuma ya ba da kusurwar da hasken ya karya, daga nan aka lissafa tsawon zagayen da ya yi, aka samu jinkirin kusan shekara 200. Wato da akwai irin wannan na'ura a farkon ƙarni na 19, wajen zamanin da ake kafa Daular Sakkwato, da ta ga walƙiyar kai tsaye. Hujja ce mai kyau, amma adadin da aka wallafa a 2023 kashi 31 ne da iyakar kuskure 11, bai kai ninki uku na kuskurensa ba. Idan zan faɗa wa ɗalibi, zan ce awon ya goyi bayan wannan bayani, ba zan ce ya rufe magana ba.

Magneta kuwa tauraron niyutiron ne, wato dunƙulalliyar cibiyar tauraron da ya fashe, mai maganaɗisun da ya ninka na duniya sau tiriliyan ɗari ko fiye. A 1936 Heisenberg da Euler sun lissafa cewa a irin wannan ƙarfi, sararin da babu komai a cikinsa ma yana bambanta tsakanin fuskokin kaɗawa biyu. Da IXPE ya kalli magnetar da ake kira 4U 0142+61, ya samu wajen kashi 15 a ƙananan ƙarfi, adadin ya faɗi har ya ɓace tsakanin keV 4 da 5, sannan ya tashi zuwa wajen kashi 35 a sama, alƙiblar kuma ta juya da digiri 90. Wannan juyi a fili yake, kuma masu binciken sun fassara shi da cewa fuskar tauraron daskararriya ce, ba iskar da ta lulluɓe ta, hasken mafi ƙarfi kuma ya yi karo ne a cikin maganaɗisun da ke kewaye. Sakamakon bai saɓa wa lissafin 1936 ba, amma bai isa ya zama tabbacinsa ba, tunda ana iya samun adadi irin wannan ba tare da shi ba. Ko Ƙaguwa ma, da IXPE ya sake aunawa ya samu kashi 19 ɗin nan na OSO-8, sai dai alƙiblar ta bambanta da wajen digiri goma, kuma hoton ya nuna wasu sassan gajimaren sun fi wasu tsari nesa ba kusa ba.

Malama Hadiza

Na gode ƙwarai, Dakta, na gode Malam Bello. Jiya na kai wa ɗalibar amsarta, amma na ga idan na tsaya a baki kawai, maganar ƙidaya ba za ta shige su ba, sai na sa kowane ɗalibi ya zo da tsinken ashana 50. Muka zana layi a ƙasan aji da alli, muka raba rabin da'ira gida shida, kowane gida digiri 30. Kowa ya watsa ashanarsa a ƙasa ya ƙidaya nawa suka kwanta ta kowane gida. Kusan kowane ɗalibi ya samu gidan da ya fi saura, wasu har suna rantsuwa cewa ashanarsu tana da alƙibla, amma gidan wannan dabam, na wancan dabam. Da muka haɗa ƙidayar aji duka a kan allo, tudun suka kwanta, kamar yadda lissafin Dakta ya nuna.

Sai dai ba su kwanta duka ba. Gida ɗaya ya ci gaba da ɗara saura, kuma ɗalibar da ta fara tambayar ce ta lura cewa dukkanmu ta fuskar allo muka tsaya muna watsawa, ashanar tana bin hanyar da hannu ya jefa ta. Na ce mata ta gano karkatar akwati. Ranar Litinin za mu sake gwajin, na raba su rukuni uku, kowane rukuni zai tsaya a juye da digiri 120 daga na kusa da shi, layin allin kuma zai zauna inda yake. Dakta, idan kina da shawara a kan yawan tsinken da ya kamata kowane rukuni ya watsa kafin mu amince da abin da muka gani, ina sauraro kafin ranar.